Larabar Gwaggo

Zuwa ga ƙanwata Aku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ni ma lafiya lau, sai ciwon baya da ya zama abokin zama. Na san za ki ce yau kuma wace rana Dogo ya tuna da mu. Faɗi son ranki, na amsa laifina. Inda muke aikin madatsar ruwan nan babu sabis ko ɗigo, motar da ke kawo mana kayan abinci duk mako biyu ita ce gidan wayarmu.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro. Tun rasuwar Baba, wata takwas ke nan, ba ta sauko daga benen nan ba. Maƙwabciyarta ce ke yi mata cefane, ita ce ma ta rubuto mini. Inna ta ce gwiwa ce, amma ni na san ba gwiwa kaɗai ba ce. Mutum ya wuni ba wanda zai ce wa ko sannu, ina zai ga ƙarfin sauka?

Wani abokin aikina ya ce akwai ƙungiyar 'yan sa kai a nan wajenku masu ziyartar tsofaffi, kuma kamfanoni na ba ma'aikatansu awa biyu a mako don wannan aikin. Ki taimaka ki sa sunan Inna, sannan ki nemi a ba ki ita. Kin san halinta, baƙo ba zai wuce bakin ƙofa ba. Ke kuwa kakanki da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke, ba ta da bakin korar ki.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Dogo

*

Yaya Dogo,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, sai ƙaramar da ke fitar da haƙori ta hana kowa sakat. Allah ya ba ka sauƙin bayan. Wasiƙarka ta iso bayan kwana goma sha biyu, duk ta sha man inji.

Ka iya aike, wallahi! Kana can ƙarshen duniya kana tsara mini mako. Rana ɗaya nake hutawa, a cikinta zan yi wanki, in yi wa yara kitso, in duba surukata. Amma na je. Mota biyu na hau, sannan bene hawa uku, na isa ina haki kamar wadda aka koro.

Gani ya kori ji, Yaya. Ɗakin a share tsaf, amma labule a sauke da rana tsaka, rediyo na ta surutu ba mai saurare. An lulluɓe keken ɗinkinta da tsohon zane. Kujerar Baba tana inda take, ba ta bari ko a jingina da ita. Gwaggo, Innar taka, ta rame, wuyan rigarta har ya yi mata yawa. Ta daɗe tana kallona, sai ta ce, "Wa nake gani kamar 'yar ɗan'uwana? Aku ce? Har yanzu bakin nan yana nan?" Ta kama hannuna, ba ta sake ni ba har shayin ya huce. Da zan tafi ta ce, "Ashe akwai sauran masu tuna jini." Na sauko ina share ido, ina jin haushinka, ina jin haushin kaina.

Washegari na je ofishin ƙungiyar. Shugabarsu wata mata ce doguwa mai tabarau, 'yan sa kan suna kiran ta Mai Fayil, don ko gaisuwa za ta yi da fayil a hammata. Ba muguwa ba ce, amma doka a wajenta doka ce. To ga inda gizo ke saƙar: ba sa haɗa mutum da danginsa. Ta ce dangi aikinsu ne dama, ba sai an buga musu hatimi ba. A takardar da ake cikewa akwai layi guda: dangantaka da wanda za a ziyarta. In na rubuta gaskiya, baƙuwa za su tura mata. Kamfaninmu kuwa ba zai sake ni daga teburin naɗe sabulu ko na minti ɗaya ba sai da hatimin Mai Fayil a kati.

Takardar na nan a jakata, layin a buɗe. Mahaifiyarka ce, kai za ka faɗi yadda za a yi.

Ƙanwarka,
Aku

*

Aku,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya raya ƙaramar. Direba na jira, saboda haka a gurguje.

Haba, wannan ma har abin tambaya ne? Rubuta babu. Wa zai je ya tono kakanninmu? Sunan mahaifinki daban, namu daban. Dokar don 'ya'ya da jikoki aka yi ta, ba don irinmu da sai an zauna an yi lissafi kafin a gano inda aka haɗu ba.

Abu ɗaya kawai: kada Inna ta ji maganar ƙungiya. In ta san an sa sunanta a jerin tsofaffin da ba su da kowa, wallahi sai ta daina cin abinci. Bar ta a kan cewa zumunci ne ya kawo ki. Ai ba ƙarya ba ce.

Allah ya saka miki.

Dogo

*

Yaya Dogo,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, haƙorin ya fito, mun samu barci. Ya bayan naka?

Na rubuta babun, an buga hatimi, yau Laraba shida ke nan ina zuwa. Ƙarfe biyu nake cire rigar aiki, uku saura kwata ina bakin ƙofarta. Ta ce tun daga hawa na biyu take gane takuna, wai ina tafiya kamar mai bin bashin ƙasa.

Ka san abin da ya hana ta ɗinki? Ba gwiwa ba, ba baƙin ciki ba. Idonta ne ba ya ganin kafar allura, kuma girman kai ya hana ta faɗa wa maƙwabciya. Baba ne ashe yake zura mata zare duk shekarun nan. Yanzu kafin in tafi nakan zura allura goma, in soke su a jikin matashin kujera, su kai ta mako. Ta gyara wa yarana riguna uku. Ta buɗe labule. Ranar nan har faɗa muka yi a kan yadda nake yanka albasa, na ce alhamdu lillahi, Gwaggo ta dawo.

Amma raina ba a kwance yake ba. Duk wanda ya leƙo sai ta nuna ni: "'Yar ɗan'uwana ce, duk mako take baro aikinta saboda ni." Ni kuma katin ƙungiya na cikin jakata, in na fita sai in tsaya a matakala in rubuta lokacin shiga da na fita, da yadda na same ta, kamar mai gadin ma'aikata. Rannan ta ce in miƙo mata jakar ta ɗinke mini hannunta da ya tsinke, na ƙanƙame ta kamar da zinariya a ciki. Ta dube ni kawai.

Kuma an ce bayan wata biyu Mai Fayil kan bi kowa ta ga yadda ziyara ke tafiya. Na roƙe ta ta tsallake mu, ta ce ba a tsallake kowa. Ka ba ni izini in faɗa wa Gwaggo gaskiya tun kafin ta ji a bakin wani.

Wani abu kuma. Makonnin farko ina zama za ta ce, "Dogo ya rubuto?" Yanzu ta daina tambayar ka. Ka yi tunani a kan wannan.

Ina jiran amsa da motar farko.

Aku

*

Ƙanwata Aku,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, ruwa ya cinye hanya, mota ba ta shigo ba sai bayan mako huɗu.

Kai, wasiƙarki ta faranta mini rai! Na karanta wa abokan ɗakina wajen albasar nan, har da mai riƙe ciki. Da na zo inda kika ce ta daina tambaya ta, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Wato hankalinta ya kwanta ke nan, ta samu abin da ya ɗauke mata kewa. Dama ina ta fargabar hutuna na wata mai zuwa, don in na tafi wani za a ba kujerar injina. Tunda ga ki, kuma ga yadda abubuwa suka daidaita, na ce wa shugabanmu a ɗaga hutun zuwa ƙarshen aiki.

Maganar Mai Fayil kuwa, kada ki tayar da zaune tsaye. Ki ce wa Inna ƙawarki ce ta rako ki. Minti nawa za ta yi? Ta sha shayi ta tafi. Ke da bakinki ya fi reza, wannan ba zai gagare ki ba.

Yayanki,
Dogo

*

Dogo,

Lafiya muke. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Wasiƙarka ta zo jiya, kwana tara bayan an gama ɓarin. Na karanta ta a tsaye, na ce lallai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwa ta daina ambaton ɗanta, shi kuma ya ce dutse aka sauke masa! Ta daina tambaya ne don ta gaji da jin "bai rubuto ba", kai kuma ka je ka ɗaga hutu. Sannu da ƙoƙari.

Bari ka ji yadda aka yi. Na jira amsarka, ba ta zo ba. Ranar Laraba na isa na tarar da Mai Fayil tana jira na a gindin bene. Dabarar da ka bayar, ni ma ita ta zo mini, don wautarmu iri ɗaya ce: na ce wa Gwaggo ƙawata ce. Gwaggo ta rasa inda za ta sa ta don murna. Ta fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ba a taɓa su. Har kujerar Baba ta ce ta zauna a kai, ka ji fa.

Ba a kai rabin kofi ba matar nan ta buɗe fayil a cinya. Ta ce, "Mama, 'yan tambayoyi ne kaɗan. Kina jin daɗin 'yar sa kan da muka turo miki?" Gwaggo ta ce, "Wa kuka turo?" Mai Fayil ta nuna ni da biro. Ta ci gaba, ita ba ta san dawan garin ba: tana zuwa a kan lokaci? Tana cika awarta? Kaɗaicin ya ragu, ko yana nan yadda aka ce ɗanki ya bayyana? Gwaggo sai juya kofi take a hannu.

Sannan Mai Fayil ta juyo gare ni. "A nan kin rubuta babu dangantaka tsakaninku. Haka ne?"

Yaya, daƙiƙa nawa ce? Na tuna katin, na tuna cewa in na ce akwai, Larabar ta tafi, alluran nan ba mai zura su. Na ce a raina zan yi mata bayani daga baya. Na buɗe bakin nan da kake yabo na ce, "Haka ne."

Gwaggo ta ajiye kofin a hankali. Ta ce wa Mai Fayil, "Tana zuwa a kan lokaci. Tana cika awarta. Yarinyar kirki ce, Allah ya ba iyayenta lada, ko su waye." Ta raka mu bakin ƙofa da kanta, ta ce mu sauka lafiya. Ina jin ƙarar sakata.

Na koma a ranar, bayan na rabu da matar. Na buga, na buga. Na ce, "Gwaggo, ni ce." Daga ciki ta ce, "Awarki ta cika, 'yar nan. Je ki, kada a rage miki maki." Larabar da ta biyo na zauna a matakala awa ɗaya da rabi, ban ga ko inuwarta ba. Maƙwabciya ta ce labule ya koma ƙasa, kuma rabin cefanen da take kai mata a nan yake lalacewa.

Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago. Ni na faɗi kalmar, ban musa ba, kuma ita ce ke hana ni cin abinci. Amma kai ka saka mini ita a baki, kana can kana ba abokan ɗaki dariya da labarin albasa.

Ka zo. Ba wasiƙa ba, kai.

Aku

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, kuma tun ranar ban samu sukuni ba. Allah ya huci zuciyarki.

Na je wajen shugabanmu, ya ce wanda aka ba gurbin hutuna ya riga ya tafi, sai ya dawo, nan da mako bakwai. In na tafi ba izini, aikin ya tafi. Ki ce mini son kai, amma da aikin nan ake biyan hayar ɗakin da take ciki. Ni ma ba daɗi nake ji ba. Kuma ki yi mini adalci: kin rubuta ta daina tambaya, ba ki ce cikin fushi ko cikin jin daɗi ba. Mutumin da ke nesa abin da yake so ya ji shi yake karantawa.

Ga takarda na haɗo, ki tura mata ta ƙarƙashin ƙofa. Na faɗa mata ni na shirya komai, ke umarni kika bi. Ki sayo mata yadi mai kyau ki haɗa da shi, kin san ta da son yadi. Fushin Inna ba ya wuce mako biyu, ni na san ta.

Kada ki daina zuwa, don girman Allah.

Dogo

*

Yaya Dogo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Gwaggo ma da sauƙi, sai gwiwa da ta kumbura. Za ka ji dalili.

Yadin ban saya ba, ba yarinya ba ce da za a rufe mata baki da tsumma. Takardarka na tura ta ƙarƙashin ƙofa, na ji lokacin da ta ja ta. Ka manta ba ta ganin ƙananan rubutu, maƙwabciya ce ta karanta mata. Ta ce da aka gama, abin da Gwaggo ta faɗa kawai shi ne, "Umarni ta bi? Da ya ce ta faɗa rijiya fa?" Mako biyun naka suka wuce, na uku ya shiga, ƙofa a rufe.

Larabar da ta wuce na iso kamar kullum, don in zauna a matakalata. Ina shan kwana sai na hango mutum zaune a kan dakalin gindin bene, da mayafi, da jaka, da sandar Baba. Gwaggo ce! Maƙwabciya ta ce tun sha biyu ta fara saukowa, matakala ɗaya ɗaya, tana hutawa, ta hana kowa taɓa ta. Na durƙusa zan gaishe ta, ta ce, "Ajiye gaisuwarki. Kai ni wajen matar nan mai takardu."

Na tari tasi. Har muka isa tana ta kallon titi ta taga, sau ɗaya kawai ta ce, "Yaushe aka rushe kantin mai gyaran agogo?"

Ofishin cike yake da 'yan sa kai. Mai Fayil ta taso da sauri ta ba ta kujera. Gwaggo ta ce, "Ɗauko takardar da aka rubuta ni a ciki." Aka ɗauko. Ta ce, "Karanta mini layin." Aka karanta. Sai ta gyara zama ta fara: mahaifinta wane, ƙanensa wane, shi ya haifi wane, wanda suka tashi gida ɗaya, ta goya shi a bayanta har ya yi mata fitsari a sabon zane, shi ne uban wannan mai tsayen. Ta ce, "Ranar da aka haife ta ni na fara ɗinka mata riga. Soke wannan babun, ki rubuta 'yata ce."

Mai Fayil ta cire tabarau. Ta ce, "Mama, kin san in na gyara, doka ba za ta bar ni in ci gaba da turo miki ita ba? Sai dai wata." Na ce, "Gwaggo, ki tsaya ki ji, Larabar fa za ta tafi." Ta ce, "Ke, rufe mini baki, an ji naki rannan." Ta juya wajen Mai Fayil ta ce, "Na sani. Turo duk wadda za ki turo, zan ba ta shayi. Amma ba zan kwanta a kabari da takarda tana cewa ba ni da kowa ba. Soke."

Aka soke. Ni kuma aka karɓe katina a gaban kowa, aka yi mini wa'azin minti goma a kan amana, na sha, don na cancanta. Yanzu ba ni da awa biyun. Ranar hutuna ce za ta koma can, wanki ya jira dare, surukata ta yi ta ƙorafi. Wata ɗaliba za su riƙa turo mata ran Laraba. Na ce a tabbatar tana da ido mai kyau.

Kafin mu fito, Mai Fayil ta ce tunda an buɗe fayil, bari a cike wani gurbi da aka bari: wa za a nema in wani abu ya taso da gaggawa? Gwaggo ta nuna ni da sanda. Matar ta ce, "Ɗanki fa, Mama? Ba shi za a fara sanarwa ba?" Gwaggo ta ce, "A rubuta masa wasiƙa. Ya iya karatu."

Ban ƙara ko wasali ba, haka ta faɗa, kuma na ga ya kamata ka ji.

Da muka dawo gindin bene ta ɗaga kai ta dubi hawa ukun nan, ta yi tsaki. Ta ce, "Ban yafe miki ba tukuna. Kawo kafaɗarki." Minti arba'in muka yi muna hawa, tana zagin gwiwarta, tana zagina. Yanzu tana kwance da tsumma mai ɗumi a ƙafa.

Saura mako huɗu hutunka. Ban ce mata kana zuwa ba, kuma ba zan faɗa ba sai na gan ka a matakala.

Ƙanwarka,
Aku